Dokin da ya faɗa tafki a fim ɗin Jesse James

Ɗana, jiya ka tsare ni da tambaya kan fim ɗin kaboyin nan da na ba ka, Jesse James na 1939, labarin wani shahararren ɗan fashin Amurka. Ka ce sin ɗin da mahayi ya zabura da doki daga kan dutse ya faɗa ruwa ya hana ka barci, kana so ka san dabarar da suka yi don mu kwaikwaya a aikinmu mai zuwa.

Babu dabara a wurin. Doki ne na gaske aka tunkuɗa daga tsayin kusan ƙafa 70 zuwa cikin tafkin Ozarks a jihar Missouri ta Amurka. Cliff Lyons, wanda ya hau a madadin jarumi, ya fito da ransa. Dokin ya mutu. Duk sanda na kai wurin nan a fim ɗin sai na ji ƙirjina ya yi nauyi. Mutanen Amurka ma ba su yi shiru ba, hayaniyar da aka yi ce ta sa tun daga 1940 ƙungiyar kare dabbobi ta American Humane ta fara sa ido kan yadda ake amfani da dabbobi wajen ɗaukar fim a Hollywood.

Ba raina fim ɗin nake yi ba. Henry King darakta ne da ya san aikinsa, Tyrone Power ya fito a Jesse, Henry Fonda a yayansa Frank, kuma a zamanin da yawancin finafinai baƙi da fari ne, su mai kala suka yi. Dubi yadda aka ɗauki mutuwar Jesse, inda Bob Ford, ɗaya daga cikin yaransa, ya harbe shi ta baya yana tsaye kan kujera a ɗakinsa, kusan yadda abin ya faru a garin St. Joseph ranar 3 ga Afrilu 1882. Nan akwai karatu. Amma ga abin da ke ci min rai. A fim an kashe mahaifiyarsu da bam don mai kallo ya tausaya wa ɗan fashi, alhali a zahiri, a harin da aka kai gidansu a 1875, hannu ta rasa, ƙaramin ɗanta ne ya rasu. Masu ikon sauya tarihi haka ai suna da ikon tsirar da doki.

To ga yadda za mu yi namu. Ka kwantar da kyamara ƙasa, ka ɗauki dokin yana sukuwa ya nufo ka, a fili mai laushi, nesa da kowane gefen dutse. Ka yanke. Ka matso kan fuskar mahayi, ya waiga baya, ya ja linzami. Sannan ka nemi ɗan kwari da dokin ya saba tsallakewa, ka shiga ciki da kyamara, ka ɗauko cikinsa da kofatansa a sararin sama. Kada ƙasa ta fito ko kaɗan, nan ne yara ke ɓata aiki, da ƙasa ta leƙo mai kallo ya gane tsayin bai kai gwiwa ba. Dutsen kuwa a ɗauke shi daban, shi kaɗai, daga sama har ƙasa. Faɗawa ruwa, buhun yashi ya isa. Na ƙarshe, mahayi da dokinsa suna fitowa daga bakin kogi a jiƙe, inda ruwa bai wuce ƙirjin doki ba.

Sauran aikin na teburin tacewa ne. Ka gajarta kowane yanki, ka ɗauke ƙarar kofato daidai lokacin da dokin ya tashi, ka bar shiru na daƙiƙa ɗaya kafin ƙarar ruwa. Wannan shirun ne ke sa 'yan kallo riƙe numfashi.

Mai dokin ma a sallame shi da kyau, kuma in ya ce dabbarsa ta gaji, an tashi ke nan. Gobe bayan La'asar ka zo da kyamara da buhu biyu, mu je bakin kogi mu gwada faɗuwar tukuna.