Kwana goma sha huɗun da dillali bai faɗa maka ba

Ɗan'uwa, na karanta wasiƙarka daga Bronx a birnin New York. Ka ce ka shigar da ƙara a kotun tarayya kan kuɗin aikin ƙarin lokaci na shekara biyu da maigidanka ya danne, kamfanin ya mayar da amsa kwana tara da suka wuce, dillalin da ya cike maka takardu ya ce ka kwantar da hankalinka, yayanka kuma daga gida yana matsa maka ka karɓi ɗan abin da suka yi tayi domin bikin ƙanwarku ya matso.

Kwana biyar suka rage maka. Gyara na bakwai na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda aka amince da shi a 1791, ya ba ka damar neman juri, wato talakawan gari shida zuwa goma sha biyu su saurari shaida su yanke hukunci a ƙarar da ake neman diyyar kuɗi. Amma doka ta 38 ta ƙa'idojin shari'ar farar hula ta tarayya ta ce sai an nema a rubuce, an kuma miƙa wa ɗaya ɓangaren cikin kwana 14 bayan amsa ta ƙarshe. Wanda ya yi shiru ya yafe haƙƙinsa, sai dai alƙali ya ga damar ba shi daga baya, kuma ba dole ba ne ya ga dama. Ka duba takardar ƙararka yau ko an rubuta buƙatar a jikinta.

Mai cike takardu ba lauya ba ne, ko da yana da hatimin notari, wato mai shaida sa hannu a takardu, a kan teburinsa. Na ga 'yan'uwanmu da dama da irin waɗannan mutane suka karɓi kuɗinsu, suka bar wa'adi ya wuce, ranar zama kuma wayarsu a kashe. Ka nemi lauyan ƙwadago ko ofishin taimakon shari'a kyauta gobe da safe, ka tafi da kwantiragin da ka sa wa hannu ranar da aka ɗauke ka, domin in akwai sharaɗin warware rikici a wajen kotu, zai iya hana ƙarar zuwa gaban juri, kuma Kotun Ƙoli ta sha tabbatar da irinsa, har a 2018.

Game da yayanka, ina tare da kai. Shi bai tsaya sa'a goma sha biyu a cikin sanyin hunturu ba, kuma bai san cewa dokar ƙwadago ta tarayya ta 1938 ta wajabta biyan ninki ɗaya da rabi na kuɗin sa'a kan kowace sa'ar da ta haura 40 a mako ba. Kamfanin yana gaggawar sulhu ne tun kafin ka nemi juri, saboda ya san talakawan da su ma suke cin gumin aikinsu ba za su ji daɗin labarinsa ba. Ka gaya wa yaya cikin ladabi cewa za ka aika abin da ya sawwaƙa daga albashinka, amma ba za ka sa hannu a kan komai ba sai lauya ya karanta.