Kada ka sake take motar sai ka ga fireshar mai da idonka

Ɗan'uwa, wallahi ina karanta tambayarka gabana yana faɗuwa. Ka ce injinka mai silinda huɗu ne, lita 2.0, ka sa masa babban turbo kana neman doki 400, kuma da zarar ka wuce juyi 5,500 a minti a giya ta uku ko ta huɗu sai motar ta riƙa sarƙewa kamar an riƙe mata wuya, makanikinka kuma ya ce manyan nozul, wato masu fesa wa injin mai, su ne kawai maganin abin. Kana tambaya ko famfon mai za ka fara canzawa ko nozul, da kuma ko ka koma E85, wato man da aka haɗa itanol mai yawa da ɗan fetur. Haka tawa ta fara, babu bambanci ko kaɗan. Don girman Allah, ka ɗaga ƙafarka daga totur ɗin nan tukuna. Sarƙewar da kake ji ba wasa ba ce, injin ne yake gaya maka mai ba ya isarsa a daidai lokacin da turbo ya cika shi da iska.

Ni wanda ya yi mini aikin tunin, wato saita kwamfutar injin, mutum ne mai baki. In yana magana sai ka rantse shi ya ƙera injin. Na kai masa motar da wannan ƙorafin naka, ya hau, ya zagaya, ya dawo yana murmushi ya ce ai ƙaramin abu ne. Ya jona kwamfutarsa ya yi 'yan danne-danne, ya ce in gwada. Na gwada, sarƙewar ta ɓace. Na yi ta godiya. Abin da ban sani ba shi ne, bai taɓa sa geji a layin mai ba. Ya ga cakuɗin iska da mai yana ramewa a sama, wato mai yana ƙaranci a babban juyi, sai kawai ya ƙara wa nozul lokacin buɗewa har suka kusa zama a buɗe gaba ɗaya, sannan ya rage wa na'urar jin ƙwanƙwasa, wato ƙarar da injin yake yi in mai ya ƙone ba daidai ba, kaifi don kada kwamfuta ta riƙa ja da wuta baya. Wato ya toshe wa motar baki, ciwon yana nan. Kuma famfon da ya sa mini a tanki, wanda ya dafa ƙirji ya ce na asali ne, jabu ne. Kwali mai kyau, tambari mai kyau, ciki fanko.

Ranar da abin ya faru ina kan filin tsere, a miƙaƙƙen layi, giya ta huɗu, allura ta haura 6,000. Na ji wata ƙara siririya, kamar ana zuba tsakuwa a gwangwani, ba ta fi ƙiftawar ido ba. Kafin in ɗaga ƙafa motar ta yi sanyi, sitiyari yana rawa a hannuna, madubin baya ya cika da farin hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. Na gangara gefe na kashe. Da na buɗe bonet, sandar auna baƙin mai ta yi tsalle ta fito daga raminta, mai ya fantsama ko'ina, yana ɗiga a kan salansa yana ƙauri. Na tsaya ina kallo, hannuna yana karkarwa, na kasa ko kiran waya. Mutane suna wucewa suna rage gudu suna leƙe. Da aka kwance injin, fistin na silinda ta huɗu gefensa ya narke, dakalin da ke tsakanin ring na farko da na biyu ya tsage ya ɓalle, bangon silinda ya sha karta daga sama har ƙasa. Fulogin wannan silindar fari fat, da ɗigo-ɗigon alminiyum a jikinsa, ƙarfen bakinsa ya cinye. Har yau fistin ɗin yana cikin durowata, in na gan shi raina yana ɓaci sabo.

Da na koma wurin mutumin, ka san me ya ce? Wai man da na sha ne ba shi da kyau. Da na nuna masa rikodin da kwamfutar ta ajiye, inda nozul suka kai kashi 100 cikin ɗari, sai ya juya ya ce ai ni ne nake tuƙin ganganci. Mota ce fa da aka gina don gudu, shi ya karɓi kuɗin gina ta don gudu! Daga baya ya daina ɗaukar wayata. Abin da ya fi ci mini rai ba asarar ba ce, a'a, yadda ya kalle ni ido cikin ido ya ce bai taɓa na'urar ƙwanƙwasa ba, alhali wanda ya gyara mini daga baya ya buɗe saitin kwamfutar ya nuna mini wurin da aka taɓa. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba tukuna, gaskiya.

To mu dawo kanka. Maganar makanikinka ta manyan nozul tana iya zama daidai, tana iya zama kuskure, kuma babu mai iya sani sai an auna. Ka sa gejin fireshar mai wanda za ka iya gani ko kwamfuta ta riƙa rubutawa yayin da motar take cikin lodi, ba a tsaye a gareji ba. A tsaye kowane famfo jarumi ne. Yawancin motocin da ke da tiyon mayar da mai tanki suna aiki da bar 3, wato psi 43.5, in an cire tiyon iska daga regileta, wato na'urar da take daidaita fireshar mai. Regileta kuma tana ƙara firesha ɗaya bisa ɗaya da matsin turbo. Idan kana hura bar 1.5, dole gejinka ya nuna bar 4.5 ya tsaya a nan har ƙarshen juyi. In ka ga ya hau sannan ya fara zamewa ƙasa yayin da juyi yake ƙaruwa, to matsalar tana baya: famfo, waya, filta ko tiyo. A wannan halin ko nozul masu girman famfon wanka ka sa, ba su da abin fesawa.

Kuma kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Famfon Walbro 255 da kowa ya sani, lita 255 ɗin a awa ana samunta ne a wajen bar 3 da wuta volt 13.5. Firesha tana hawa, abin da yake turowa yana sauka. Wuta tana raguwa, ya ƙara sauka. Nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami, domin siririyar wayar da kamfani ya ja zuwa tanki an yi ta ne don ƙaramin famfon asali. Ka sa mita a bakin famfo motar tana aiki, kada ka yi mamaki in ka ga altaneta tana ba da 14 amma abin da yake isa can baya bai kai 12 ba. Ka nemi rewaya mai hankali ya ja waya mai kauri daga batir, da fiyus kusa da batir ɗin, da rile, tsohuwar wayar ta zama ita ce mai kunna rilen kawai. Ya kuma gyara wayar ƙasa, don ana yawan mantawa da ita. Wannan aikin shi kaɗai ya warkar da motoci da dama da aka riga aka yanke wa famfonsu hukunci.

Lissafin nozul ba wuya gare shi. Injin turbo a kan fetur yana shan wajen nauyin fam 0.6 na mai a awa ga kowane doki. Doki 400 ke nan fam 240. Ka raba wa silinda huɗu, kuma ka bar wa nozul sarari kada su wuce kashi 80 cikin ɗari na lokacinsu, zai ba ka fam 75 kowanne, wanda ya kama kusan cc 790 a minti. Me ya sa 80? A juyi 6,000 duk zagayen silinda milisakan 20 ne kacal, in nozul ya cinye su duka a buɗe babu sauran abin da kwamfuta za ta ƙara ranar da iska ta yi sanyi turbo ya hura fiye da kullum. Wasu za su ce maka ka ɗaga firesha kawai ka huta da sayen nozul. Daga bar 3 zuwa 4 abin da za ka samu wajen kashi 15 cikin ɗari ne kawai, kuma ka ƙara wa famfo wahala. Ba riba.

In za ka saya, ka sayi waɗanda suka zo da takardar bayanansu, musamman jinkirin buɗewarsu a kowane volt. Irin su Injector Dynamics ID1050x ko wasu da aka gina kan Bosch EV14, manya ne amma suna zama lafiya a sulo saboda an san halinsu. Nozul marar takarda zai sa mai tunin ya yi ta lalube, motar tana wari tana mutuwa a danja. Ka kuma duba om ɗinsu, wato yadda suke tirje wa wutar lantarki, akwai masu wajen 12, akwai masu 2 zuwa 3, in ka jona na biyun kai tsaye a kwamfutar da ba a yi ta dominsu ba za ka ƙona ta.

Af, na tuna. Da ka sa babban famfo, ka sake duba firesha a sulo. Regiletar asali raminta ƙarami ne, wani lokaci ba ta iya mayar da rarar mai, sai firesha ta haura a sulo motar ta riƙa baƙin hayaƙi, kai kuma ka ɗauka tunin ne ya lalace.

Batun E85 kuwa, ni ina son sa, yana sanyaya cakuɗi kuma yana jure ƙwanƙwasa fiye da fetur nesa ba kusa ba. Amma ba yanzu ba. Fetur yana ƙonewa daidai a 14.7 na iska bisa ɗaya na mai, E85 kuwa wajen 9.8, don haka za ka buƙaci ƙarin mai fiye da kashi 30 cikin ɗari. Tsarin da ya kasa ciyar da injinka da fetur, ta yaya zai ciyar da shi da E85? Nozul ɗinka za su haura cc 1,000, famfo ya koma irin Walbro 450 da aka yi don itanol, filtar takarda ta fita a sa ta ƙarfe ko ta zaren gilashi, tiyo ya zama na PTFE, wato Teflon. Kuma yawan itanol ɗin da ke cikinsa yana canzawa daga lokaci zuwa lokaci, sai da na'urar auna shi a layi kwamfuta ta riƙa bi. In an tashi yi a yi gaba ɗaya, in ba a shirya ba a bari.

Ban ga ka ambaci gejin waidban ba, wato mai nuna ma'aunin iska da mai a cakuɗi, kuma wannan ya dame ni. Na'urar iskar salansa ta asali a motoci da yawa kusa da 14.7 kawai take iya karantawa, a cikin lodi makauniya ce. Da ina da waidban a gabana ranar nan, da na ga lambar tana hawa na ɗaga ƙafa. A cikin cikakken matsi kana son ganin 11.5 zuwa 12 a kan fetur. Ka ga 13 tana leƙowa, ka saki totur nan take, kada ka ce bari in ƙarasa giyar. Mafi kyau ma, in kwamfutarka tana iyawa, a saita ta ta yanke matsi da kanta idan cakuɗi ya rame ko firesha ta faɗi. Kuma ka tsaya a kan mai tunin ya nuna maka a allo cewa kariyar a kunne take. In ya fara yi maka dogon turanci yana cewa kariya tana rage ƙarfi, ɗauki makullinka ka tafi. Da ma wani ya gaya mini haka.

Wani abu kuma da ba ka tambaya ba. Idan sarƙewar tana zuwa ne a kwana ko bayan ka fito daga kwana da mai ƙasa da kwata a tanki, to man ne yake gudu gefe ya bar famfo yana zuƙar iska. Maganinsa na wucin gadi cika tanki, na dindindin ƙaramin tankin ajiya wanda famfon ciki yake cikawa, babban famfo kamar Bosch 044 ya ɗauka daga nan. Sannan ɗan guntun tiyon nan da ke haɗa famfo da murfi a cikin tanki, dole ya zama wanda aka yi don nutsewa cikin mai, lambarsa SAE J30R10. Na waje, J30R9, cikinsa ne kawai yake jure mai, bayansa zai jiƙe ya kumbura ya tsage, rabin man ya riƙa komawa tanki ba ka sani ba. Mutumin nan nawa ma irin na wajen ya sa mini, da aka ciro shi ya yi laushi yana manne wa yatsa.

Duk wannan na faɗa ne bisa zaton injinka mai fesa mai a bakin bawul ne. In mai fesawa kai tsaye cikin silinda ne, akwai famfo na biyu da kamshaf yake turawa, mai kai bar 150 zuwa 200, kuma galibi shi ne yake fara gazawa, labarin ya canza. Ka faɗa mana wanne ne naka, ka kuma ciro fulogi huɗun nan ka jera su bisa tsarin silinda ka ɗauki hoto, tare da rikodin ja ɗaya a giya ta uku wanda ka tsaya a juyi 5,000, kada ka wuce. A ciki ina son ganin firesha, matsin turbo, lokacin buɗewar nozul da volt ɗin batir.