Tambaya da Amsa: Rigar kushin ta ƙyallaye masu kusurwa shida

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina da leda cike da ƙyallayen atamfa da nake karɓowa wajen telana. Na ga hoton wata rigar kushin da aka haɗa da ƙananan ƙyallaye masu kusurwa shida, ta burge ni ƙwarai. Na yanka nawa na ɗora a keke, amma kusurwoyin sun ƙi haɗuwa, ɗinkin duk ya tattare. Ina matsalar take? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Hannunki ba shi da laifi, keken ne bai dace da aikin ba. A kowace kusurwa ƙyallaye uku ke haɗuwa kamar saƙar zuma, babu dogon layin da keke zai bi. Shi ya sa ake yin sa da allura da zare, kowane ƙyalle a naɗe a kan takarda. Dabarar ta daɗe a Ingila. A birnin York akwai wani mayafin gado na siliki mai ɗauke da shekarar 1718 da aka haɗa ta wannan hanya, takardun na nan cikinsa har yau.

Takardar nan ita ce komai, don haka a nan za ki ɓata lokacinki. Ki ari kamfas daga akwatin lissafin 'yan makaranta, ki buɗe bakinsa santimita 3, ki zana da'ira a kan kwali. Kada ki taɓa buɗin. Ki taka shi sau shida a kan layin da'irar kina sa alama, ki haɗa alamomin da rula, ki yanke. Da wannan kwali za ki fitar da sauran daga takarda mai ɗan kauri, ni bangon tsohuwar kalanda nake so. Duk wadda ta fito a karkace ki yar da ita, domin ɗan kuskuren da ido bai gani ba a guda ɗaya zai fito fili idan kika haɗa goma.

Kafin almakashi ya taɓa ƙyallayen, ki wanke su ki goge. Wata atamfar tana zuba, ja da shuɗi sun fi yi, wata kuma tana ƙanƙancewa a wankin farko. Ki bar leshi da yadi mai santsi, auduga ce ke riƙe ninki. Ki yanka kowane ƙyalle ya fi takardarsa da santimita 1 ta kowane gefe, ki ninke bakin a kan takardar, ki kama shi da manyan ɗinki da zare mai wani launi daban, don ki gane shi ranar warwarewa.

Wajen haɗawa, ki kifa biyu fuska da fuska, ki riƙa ɗaukar zare biyu ko uku daga bakin ninkin kowanne, ɗinki kusa da kusa, ba tare da allurar ta huda takardar ba. A kusurwa ki maimaita sau biyu, nan ne yake fara ɓallewa idan yara suka hau kushin.

Tunda na farko ne, ban ba ki shawarar ki cike fuskar kushin duka ba. Ki sa guda ɗaya a tsakiya, 6 su kewaye shi, 12 su kewaye waɗancan, 19 ke nan. Furen zai kai faɗin santimita 26, ya zauna daram a kan kushin mai santimita 40. Ki sa zagaye ɗaya ya zama yadi mara zane, don atamfa a kan atamfa tana gajiyar da ido.

Idan kin gama, ki goge shi da kyau tun takardun na ciki, sannan ki warware manyan ɗinkin ki zare takardun a hankali. Za su sake yi miki amfani. Ki ɗora furen a tsakiyar farar shadda ko baƙa, ki bi bakinsa da ɗinkin hannu. Yanzu ne keken naki zai shigo: ki yi bayan rigar da yadi biyu, ɗaya ya hau kan ɗaya da kamar santimita 10, ta nan za ki riƙa zura kushin ɗin ba sai kin sa zif ba.