Su wane ne The Temptations, kuma me ya ɗaukaka su?

Tambaya: Malam, a cikin faya-fayan garmaho na marigayi babanmu na tarar da ɗaya mai hoton baƙaƙen fata biyar cikin kwat iri ɗaya, an rubuta The Temptations. Su wane ne, kuma me ya sa har yau ake ambatonsu? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, lallai ya san abin saurare. Ka adana faifan nan, ɗan'uwa.

Mawaƙa ne 'yan Detroit, birnin ƙera motoci na Amurka, ko da yake biyar ɗin da aka fi sani duk a Kudancin ƙasar aka haife su, inda wariyar launin fata ta fi tsanani. Ƙungiyoyin samari biyu ne suka haɗe, a 1961 suka shiga kamfanin faifai na Motown na Berry Gordy, wanda ya fara harkar a 1959 da rancen dala 800 daga danginsa. Gordy ya taɓa aiki a masana'antar haɗa motoci, kuma haka ya tafiyar da waƙa: wannan ya rubuta, wancan ya kaɗa, Cholly Atkins ya koyar da taku, Maxine Powell ta koyar da tsayuwa da magana a gaban jama'a.

Kusan shekara uku suna fitar da faifai kasuwa ba ta karɓa ba. Sai David Ruffin ya shigo a 1964, marubucin waƙa Smokey Robinson ya ɗinka masa waƙar "My Girl" daidai da muryarsa, ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙin Amurka a Maris 1965.

A ganina sirrinsu shi ne babu ɗan rakiya a cikinsu. Mun saba da mawaƙi a gaba, 'yan amshi a baya. Su kuwa baitin yakan zaga. Eddie Kendricks na da siririyar murya mai tashi sama, ta Melvin Franklin kamar daga ƙasan rijiya take fitowa, ta Ruffin mai kaushi ce kamar ya kwana yana roƙo. Paul Williams da Otis Williams suka cike tsakiya. Ga kuma taku: mutum biyar su juya lokaci guda, hannu ya tashi tare, shi kuma Ruffin ya cilla makirufo sama, ya yi juyi, ya cafe.

Dubi lokacin kuma. A watan da "My Girl" ta hau sama ne 'yan sanda suka lakaɗa wa masu tattakin neman 'yancin zaɓe duka a garin Selma na jihar Alabama. A wasu dakunan wasa na Kudu igiya ake ja tsakanin farare da baƙaƙe. Cikin wannan hali sai ga baƙaƙe biyar tsaf-tsaf a talabijin ɗin falon Bature, 'ya'yansa na bin waƙarsu. Masu cewa an goge su ne don su yi wa farare daɗi suna da ƙamshin gaskiya, amma ba su bi labarin zuwa ƙarshe ba. Bayan tarzomar Detroit ta 1967, kuma bayan an sallami Ruffin a 1968 (kansa ya kumbura, har yana son a sa sunansa gaba da na ƙungiya), Dennis Edwards ya maye gurbinsa, mai tsara musu waƙa Norman Whitfield ya juya akalarsu zuwa talauci da rikicin zamani. "Cloud Nine" ce ta kawo wa Motown kyautar Grammy ta farko. "Papa Was a Rollin' Stone" ta 1972, kan uban da ya watsar da iyalinsa, ta kusa minti 12 a faifai.

Daga Jackson 5 zuwa Boyz II Men, duk samarin da suka jera da kaya iri ɗaya suna raba baiti suna taku tare, sawunsu suka bi.

Paul Williams ya rasu a 1973, Ruffin a 1991, Kendricks a 1992, Franklin a 1995, Otis Williams ne ya ci gaba da riƙe sunan da sababbin mawaƙa. Duba bangon faifan: in ka ga dogo mai tabarau mai kauri, Ruffin ke nan, jerin 1964 zuwa 1968 ne a hannunka.