iPhone ta hannu ko sabuwar Android?

Tambaya: Ina sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp. Kuɗin da na tara zai sayi iPhone 11 ta hannu, ko sabuwar Tecno ko Infinix. Ƙawayena sun ce iPhone zan ɗauka saboda kyamara. Wacce ta fi dacewa da ni? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Hajiya, ƙawayenki sun yi gaskiya a kan hoto. iPhone 11 na fito da kalar atamfa yadda take, ba ta cika ƙara mata wani hasken da zai sa mai saye ta ce ba wannan ta gani ba. Kuma Apple na daɗewa yana sabunta manhajarsa ta iOS. Sai dai wannan waya tun 2019 ta fito, ta kusa ƙarshen zangonta.

Inda 'yar kasuwa ke shan wuya shi ne wurin ajiya. iPhone ba ta karɓar memori, in kika sayi mai 64GB to shi ke nan har abada, hotunan kaya da bidiyon kwastomomi za su cike ta ba da jimawa ba. iCloud, wurin ajiyar Apple a intanet, 5GB kaɗai yake bayarwa kyauta, na Google kuwa 15GB. Ramin layi ɗaya ne a yawancin iPhone 11, layi na biyu sai eSIM, wato layin da ake saka wa waya ba tare da kati ba. Android ta wannan farashi na zuwa da ramin layi biyu, da batir 5,000mAh mai kai ki dare ko babu wuta, kuma allonta in ya fashe kowane mai gyara na da shi da rahusa. Aibinta, masu arha kan daina samun sabuntawa da wuri, sannan tana bari a saka manhaja daga waje. Nan ne ɓarayi ke shiga. Kada ki taɓa saka wani abu da aka turo miki ta WhatsApp, a Play Store kawai.

Idan zuciyarki na kan iPhone, kada ki miƙa kuɗi sai an goge ta a gabanki, kin shigar da asusunki da hannunki. In ta tsaya tana neman asusun tsohon mai ita, a kulle take, ajiye masa abarsa. Shiga Settings, Battery, ki duba lafiyar batir: ƙasa da kashi 80 yana nufin sauyi ya zo. A Settings, General, About za ki ga ko an canza allo da wanda ba na asali ba. Saka layinki ki yi kira, ki gwada Face ID, wato buɗe waya da fuska.

Hirarrakin kwastomomi na WhatsApp kuma ba sa bin ki da kansu in kin canza waya. Daga Android zuwa iPhone sai da manhajar Move to iOS, kuma sai iPhone ɗin tana a goge.

Ni dai, da wannan kuɗin da wannan sana'ar, sabuwar Android mai 128GB ko 256GB zan ce ki saya, ki riƙa ɗaukar hoton kaya a bakin taga da hantsi.