Jirgin ruwa mai ɗaki da kuɗin garatuti: wanne zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne da na yi ritaya bara, ina zaune a Samaru. Tun ina yaro nake son ruwa da kamun kifi. Na ware wani abu daga garatutina don in sayi ƙaramin jirgin inji mai ɗan ɗaki a gaba, wanda zai ɗauke ni da yara uku ko huɗu. Wani dillali a Legas ya turo mini hotunan guda uku, duk na hannu: Bayliner, da Quicksilver, da Merry Fisher. Wane kamfani ne ya fi ƙarko, kuma wanne ya dace da mai ƙaramin ƙarfi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya sa wa hutun nan albarka.

Kafin mu taɓa sunan kamfani, a wane ruwa za ka sa shi? Mu nan Zariya ba mu da ruwan da zai wadatar da irin wannan jirgi duk shekara. Galma kan cika da damina, amma da rani ya tsaya sai yashi ya fito, wurare da dama yaro ma ya tsallaka da ƙafa. Dam ɗin Kubanni kuwa na ruwan shan jami'a ne, ba wurin yawo da inji ba. Abin da ya rage maka shi ne Kangimi ta wajen Igabi, ko Tiga a jihar Kano, wadda aka kammala a 1974, ko kuma ka yi doguwar tafiya zuwa Shiroro ko Kainji. Ma'ana jirginka zai fi daɗewa a kan tirela fiye da cikin ruwa. Don haka kada ya wuce mita biyar zuwa shida, kuma ka sa kuɗin tirela mai lafiyayyun tayoyi da boris cikin lissafi tun yanzu, tare da motar da za ta iya jan ta a hanyar Kano.

To, ga sunayen. Bayliner na Amurka ne, ya yi suna a matsayin jirgin mai fara saye, shi ya sa ya fi yawa kuma ya fi araha a kasuwar na hannu. Quicksilver ɗan gidansu ne, duka ƙarƙashin kamfanin Brunswick suke, sai dai shi an fi yin sa don kasuwar Turai. Merry Fisher kuwa na kamfanin Jeanneau ne na Faransa, an tsara shi don masu kamun kifi, da fili a baya da ɗaki mai gilashi inda matuƙi zai tsaya a inuwa. Da a ce duk ukun sababbi ne kuma kuɗi ba matsala ba ne, Merry Fisher zan nuna maka. Amma ba sababbi ba ne. Jirgin da ya shekara ashirin, hannun da ya riƙe shi ya fi sunan da ke jikinsa muhimmanci nesa ba kusa ba.

Inda nake so ka tsaya sosai shi ne bangon baya, wato inda ake ɗaura inji. Faiba, wato roba mai tauri da ake yin jikin jirgi da ita, kake gani daga waje, amma a yawancin tsofaffin jirage katako ne a ciki, an lulluɓe shi. In ruwa ya sami hanya ta ramin ƙusoshi, katakon nan yakan ruɓe a hankali, waje kuwa yana ta ƙyalli. Na taɓa raka wani abokina ganin irin wannan jirgi, fari tas, an goge shi har kana ganin fuskarka, kyan ɗan maciji. Makaniken da muka je da shi bai ce komai ba. Ya ɗaga ƙafar injin sama, wato sashen da ke ɗauke da farfela, ya ɗora ƙafarsa a kai, ya danna da nauyinsa. Ina kallo bangon ya lanƙwasa kamar kwali, wani ruwa ruwan ƙasa ya tsatso daga gindin ƙusa, yana warin ruɓaɓɓen itace. Nan cinikin ya mutu. Gyaran wannan bango kaɗai kan iya lashe abin da ya kusa kuɗin jirgin, ga shi nan kusa ba ka da mai yi.

Kai ma ka yi haka. Sannan ka ɗauki mariƙin sukudireba ka bi bangon da daɓen jirgin kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen wuri yana ba da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji luf, kamar ka bugi jiƙaƙƙen buhu. Ka taka ko'ina a daɓen, in ka ji ya lotsa a ƙarƙashin ƙafarka, ka haƙura da shi. Ka leƙa ƙasan jirgin ko akwai ƙuraje masu kama da bororo, alamar ruwa ya shige jikin faibar. A bangon baya ta dama akwai lambar jiki da aka zana, lambobi biyun ƙarshe su ne shekarar samfurin. Ka gwada su da abin da dillali ya faɗa da abin da ke takardun kwastam.

Sai inji, wanda shi ne rabin kuɗin, wani lokaci fiye. Yawancin tsofaffin Bayliner masu ɗaki suna zuwa da inji a ciki kamar na mota, galibi MerCruiser, da ƙafa mai fitowa ta baya. Ka guje shi, Baba. Robar da ke rufe mahaɗar ƙafar da jiki in ta tsage ruwa ke shiga jirgi, kuma kayan gyaransa sai an yi oda. Nemi mai injin ratayawa daga waje, wanda za ka kwance ka sa a bayan mota ka kai wa makanike. A ruwayen Najeriya Yamaha ne ya fi yawa, musamman Enduro mai haɗin fetur da baƙin mai, don haka daga Yawuri har Lokoja ba za ka rasa wanda ya san cikinsa ba. Suzuki da Tohatsu ma nagari ne. Kada ka yarda a tayar maka da inji a bushe, domin 'yar robar da ke jawo ruwan sanyaya shi tana ƙonewa cikin ƙanƙanin lokaci. A sa shi a ruwa, ka ga siririn ruwa yana fita ta baya da ƙarfi. A kwance ƙusar man giya ta ƙasa, in man ya fito fari kamar madara, ruwa ya shiga. Ka kuma shirya wa fetur, don inji mai ƙarfin doki 40 irin wannan, in an sake masa wuta gaba ɗaya, yana shan lita 15 zuwa 20 a awa guda.

Abin da zan yi da ni ne kai: ba zan tura ko sisi a kan hoton WhatsApp ba, wannan cinikin biri a sama ne. Zan ɗauki makanike mu je Legas, a sa jirgin a ruwa mu zaga na rabin awa. In Quicksilver ko Merry Fisher ɗin mai injin waje ne kuma bangonsa ƙalau, a yi ciniki. In duk sun faɗi, akwai masu ƙera jiragen faiba a Fatakwal da Warri da Legas, sai ka sa a yi maka sabon jiki marar ado, a ɗora masa ɗan ɗaki da inji mai kyau. Ba zai yi kyan na Turawa ba, amma ka san abin da ke cikin bangonsa. Kuma ka rage kaso ɗaya cikin biyar na kuɗin a aljihu, saboda gyara da rajista da NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, da kuma tamfol. Ranar Zariya da ƙurar hunturu suna cin faiba, sai an rufe.

Tambaya: Ni matashi ne a Tudun Wada. In na sami irin wannan jirgi, zan iya yin haya da shi ranar kasuwa don ya mayar da kuɗinsa?

Amsa: A'a, ƙanena, ba da wannan ba. Kusa da sitiyari akwai ɗan faranti da kamfani ya rubuta adadin mutanen da jirgin zai ɗauka, a irin wannan girman da wuya ya wuce shida ko bakwai. Ranar kasuwa kuwa ka san yadda take, ga buhuna, ga awaki, ga wanda ba za ka iya ce masa ya jira ba. Har yau ban manta da Bagwai ta jihar Kano ba, ƙarshen Nuwamban 2021, lokacin da jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, kuma lodi fiye da ƙima na cikin abin da ya jawo. Ɗakin da ke ba da inuwa shi ke zama tarko in jirgi ya kife. In sana'ar fito kake so, nemi buɗaɗɗen jirgi mai faɗi da aka yi don fasinja, ka yi koyo a hannun tsofaffin matuƙa aƙalla damina guda, ka yi rajista, ka sayi rigar ceto daidai da yawan kujeru har da ƙanana na yara, kuma ka ɗaure jirginka kafin magariba.