Amsar Kawu kan ƙoton kama karfasa

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da mahaifiyarka, saƙonka ya iso mini ina gida a unguwar Birni ta Damagaram. Ka ce ka sayi fatsa kana so ka fara zuwa tafkin Gidimuni a ranakun hutu, kuma ka ga Turawa a waya suna kama kifin da suke kira karp da wasu ƙwallaye masu launi. Ka kuma tambaya ko dusar da masunta suke watsawa a ruwa kafin su jefa ƙugiya camfi ne kawai, ko kuwa tana da dalili.

Dole in fara raba maka kifi biyu da suna ɗaya ya haɗa. Wanda ka gani a hannun Turawa kifin ƙasashen Turai da Asiya ne, mai ɗan gashin baki, wanda yake kiwo a ƙasan ruwa yana tonon laka, kuma babbansa yakan wuce kilo 20. Ƙwallayen nan a Ingila aka fara yin su cikin shekarun 1970: gari ne ake kwaɓawa da ƙwai a dafa shi har ya yi tauri, domin ƙananan kifaye su kasa gutsura, sai babban da yake da haƙora a maƙogwaro ya zo ya haɗiye. Amma abin da masu Faransanci suke kira karp a kasuwar Dole, karfasa ce, wadda wasu suke ce wa gargaza, kuma ita za ka tarar a Gidimuni tare da tarwaɗa da gaiwa. Bakinta ƙarami ne, yawancin abincinta gansakuka ne da ƙananan halittun ruwa, saboda haka idan ka kashe kuɗinka a kan ƙwallon Bature, za ka yini kana kallon ruwa.

Ga mai koyo, ban san ƙoton da ya fi tana ba. Ka je gindin rijiyar lambu da sassafe, inda ƙasa ba ta rabuwa da laima, ka tono su ka zuba a gwangwanin tumatir tare da damƙin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ka rufe da tsumma, kada rana ta taɓa su. Idan za ka sa a ƙugiya, ka soke ta daga kai ka zura ta har ƙarfen ya ɓuya, ka bar ɗan wutsiyar da bai wuce faɗin farce ba yana motsi. Masu barin rabin tana tana lilo, ciyar da kifi suke yi kyauta, domin karfasa takan ja abin da ya fito ta yi gaba. Ni ma da ƙuruciya na taɓa yini da ƙugiyar tarwaɗa ina neman karfasa, gwangwanina ya ƙare tas ban kama ko ɗaya ba, sai da wani dattijo ya karɓi fatsar ya dubi ƙugiyar, ya tambaye ni ko kada nake nema. Ka nemi ƙugiya mafi ƙanƙanta da za ka samu, ka ɗaura ɗan guntun tsohon silifas a zare, domin shi zai nuna maka lokacin da aka taɓa.

Idan tana ta yi wuya, kamar a tsakiyar rani, sai ka koma ga kwaɓi. Ka sami dusar gero, ka haɗa da sauran tuwon jiya da ɗan dakakken ƙuli-ƙuli, ka murza har ya daina manne wa yatsa, sannan ka ɗebi kamar ƙwayar wake ka lulluɓe bakin ƙugiya. Gara da ƙananan fara su ma suna aiki. Hanjin kaza da abubuwa masu wari kuwa na tarwaɗa ne, ita ma sai yamma ta yi ko cikin dare.

Batun watsa dusa, babu camfi a cikinsa, kiran kifi ne. Masunci yakan dunƙule dusa da laka kamar girman lemun tsami, ya jefa biyu ko uku a wuri ɗaya; lakar ta kai ta ƙasa, ta riƙa narkewa a hankali, ƙamshin ya bazu, kifaye su taru suna tsinta ba tare da sun ƙoshi ba. Wanda ya yi haka kwana uku a jere a lokaci ɗaya, ya koya wa kifi wurin cin abinci. Turawan da kake kallo ma haka suke yi da dafaffiyar masara. Kuskuren yara shi ne zuba kwano guda, kifi ya ci ya ƙoshi ya bar musu ƙugiya. A lokacin hunturu ma sai ka rage, domin karfasa ba ta son sanyi, ba ta cin kirki sai hantsi ya ɗumama ruwa.

Daga nan ne al'adar masunta ta girmama wurin juna ta samo tushe. Tunda mutum ya ɓata dusarsa da kwanakinsa yana kiran kifi, wurin ya zama nasa a idon masunta, kuma jefa ƙugiya a inda wani ya yi kira daidai yake da girbe gonar da ba kai ka shuka ba. Shi ya sa baƙo ba ya sauka bakin tafki kai tsaye. Ka fara zuwa wurin sarkin ruwa da ɗan goro, ka faɗi ko kai ɗan wane ne, shi zai nuna maka gefen da babu ragar kalli ko igiyar ƙugiyoyin mamarin wani, ya kuma gaya maka abin da ma'aikatan gandun daji suke bukata game da izini. Kada wani ya ruɗe ka da zuba magani a ruwa, hukuma ta hana, kuma ruwan nan shi dabbobi suke sha, da shi ake ban ruwan lambu. Idan ka kama karfasa ka ga ƙwai ko 'ya'ya cike da bakinta, uwa ce take reno, a nan take ɓoye su. Ka zare ƙugiyar a hankali da jiƙaƙƙen hannu ka mayar da ita.

Idan ka shirya tafiya ka biyo ta gida tukuna, akwai ƙananan ƙugiyoyi da na ajiye a cikin akwati, kuma zan sa a tanadar maka dusa mudu guda. Ka gaida mahaifiyarka.

Kawunka.